OpenSecrets: shafin da ke bin sawun kuɗin 'yan siyasar Amurka, da inda idonsa bai kai ba

Duk mai son sanin wanda ya ɗauki nauyin zaɓen wani ɗan majalisar Amurka, babu ƙofar da ta fi masa sauƙi kamar shafin OpenSecrets. Kyauta ne, kuma ba sai ka yi rajista za ka yi bincike ba. Ka rubuta sunan sanata ko ɗan majalisar wakilai, nan take a zube maka abin da ya tara, abin da ya kashe, abin da ya rage masa a asusu, da waɗanda suka fi sakar masa hannu. Ni ɗalibi ne a wata jami'a a jihar New York, kuma ina cikin wata 'yar ƙungiyar ɗalibai da ke adawa da yadda manyan masu kuɗi suka kankane siyasa. Abin da muke nema shi ne a riƙa tallafa wa 'yan takara daga baitulmali, bisa sharuɗɗa. Wannan shafi shi ne kayan aikinmu na yau da kullum, don haka abin da zan faɗa a kansa na wanda ya daɗe yana murza shi ne.

Waɗanda suka kafa tushensa tsofaffin sanatoci ne biyu daga jam'iyyu masu hamayya, Frank Church na Democrat da Hugh Scott na Republican, a 1983. A lokacin sunan cibiyar Center for Responsive Politics. Shafin intanet ɗin ya zo a 1996, sannan a 2021 suka haɗe da wata cibiya da ke jihar Montana mai bin kuɗin zaɓen jihohi, suka koma amsa suna ɗaya. Ba su ke ƙirƙiro alƙaluman ba. Doka ce ta tilasta wa 'yan takarar tarayya su miƙa rahoton kuɗinsu ga FEC, hukumar da ke sa ido kan kuɗin zaɓen tarayya, kuma duk wanda gudummawarsa ta haura dala 200 sai an rubuta sunansa, garinsa, sana'arsa da wurin aikinsa. Aikin OpenSecrets shi ne su kwaso wannan tarin shara, su tsince, su rarraba: wannan na masu man fetur ne, wannan na masu magunguna, wannan na lauyoyi, wannan na ƙungiyoyin ƙwadago. Wanda ya taɓa buɗe ɗanyen rahoton hukuma ya ga layi dubu-dubu ba kai ba gindi, shi ya san darajar wannan tsinta.

Gwagwarmayar ɗalibai a kan wannan batu ba mu muka fara ba. Wani ɗan ƙwallon kwando, Adonal Foyle, haifaffen wani ƙaramin tsibiri a ƙasar St. Vincent, wanda ya yi karatu a Jami'ar Colgate da ke nan jihar sannan ya buga wa ƙungiyar Golden State Warriors, shi ya kafa ƙungiyar Democracy Matters a 2001, takanas don ɗalibai. Salon da suka shimfiɗa ne ƙananan ƙungiyoyi irin tamu suke bi: a kafa tebur a bakin ɗakin cin abinci, a tare masu wucewa, a nemi sa hannu, a kai wa 'yan majalisar jiha a Albany, babban birnin jihar. A teburinmu kwamfuta ɗaya ce a buɗe, kuma tambaya ɗaya muke yi wa mai wucewa: wane gari ka fito? Sai mu nemo ɗan majalisar yankinsa, mu juya masa kwamfutar.

A nan ne shafin ya fi burge ni. Akwai wani sashe da ke raba kuɗin ɗan takara gida-gida: kaso nawa ya fito daga masu ba da ƙasa da dala 200, nawa daga masu ba da manya, nawa daga kwamitocin tara kuɗin siyasa da ake kira PAC, nawa kuma daga aljihunsa. Akwai wani da ke nuna kuɗin cikin jiha da na wajen jiha. Wata ɗaliba mai karatun jinya ta tsaya da tiren abinci a hannu, ba ta ko zauna ba, ta ga yadda kason ƙananan masu bayarwa ya tsuke a asusun wakilin garinsu, ta ajiye tiren a kan takardunmu, ta riƙa gangarawa da yatsa har miyar ta huce. Ba mu yi mata wa'azi ba. Da ta gama sai ta ce a ba ta biro. Jawabin da za mu yi rabin awa muna yi, layi huɗu na alƙaluma suka gama shi.

Ni abin yana tuna min littafin da ake ajiyewa ranar biki a gidanmu, inda wata inna take zama a gefe tana rubuta wadda ta kawo turmin atamfa da wadda ta kawo kwalla. Ba don ado ake rubutawa ba, don ranar ramuwa ce. Sai dai littafin bai rubuta abin da aka raɗa a ƙuryar ɗaki ba, haka shi ma wannan shafi. Zai nuna maka cewa masu wata sana'a sun zuba wa wane kuɗi, wani wurin kuma za ka iya gano yadda ya kaɗa ƙuri'a a zaure, amma ba zai ce maka wannan ne ya sayi wancan ba. Wani lokaci kuɗin ne ke bin mutumin da tun asali ra'ayinsu ɗaya. Wani lokaci kuma abin da aka saya ba ƙuri'a ba ce, ɗaga waya ce: idan ka kira a amsa, idan ana rubuta ƙudiri a tuna da kai. Wannan ba ya fitowa a kowane jadawali.

Akwai kuma wani rami da sababbin shiga suke yawan faɗawa. Jerin manyan masu bayarwa yana ɗauke da sunayen kamfanoni, da bankuna, har da jami'o'i. Mai gaggawa sai ya ɗauka kamfanin ne ya sa hannu a baitulmalinsa ya miƙa. Ba haka ba ne. Tun dokar Tillman ta 1907 an haramta wa kamfanoni ba ɗan takarar tarayya kuɗi kai tsaye. Abin da ke gaban sunan kamfanin jimillar abin da PAC ɗinsa ya bayar ne, da na ma'aikatansa, da masu shi, da iyalansu. Shafin ya rubuta wannan bayani a ƙarƙashin jadawalin, amma wa ke karanta ƙananan rubutu idan jini ya hau? Wani abokinmu ya taɓa zuwa taro da fosta ya riga ya zana, wai wata babbar jami'a ta sayi wani sanata. Sai da muka kusa raba gari kafin ya yarda cewa malamai ne da ma'aikata kowa ya ba da nasa. Da fostar ta fita, da mun sha kunya a gaban waɗanda dama suke jiran mu yi tuntuɓe. Wani abin dariya kuma, a shafin 'yan takara da yawa rukunin da ke can sama ba masu mai ba ne ba kuma 'yan banki ba, 'yan fansho ne. A cikinsu akwai tsohuwar malamar firamare, akwai attajirin da ya ajiye shugabancin kamfani, duk an zuba su a kwando ɗaya, domin abin da suka rubuta a fom ke nan.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mutum ɗaya ba zai ba ɗan takara fiye da dala 3,300 a kowane zaɓe ba a zagayen 2024, a zagayen 2026 kuma an ɗaga zuwa 3,500. To ta yaya Elon Musk shi kaɗai ya kashe sama da dala miliyan 250 a zaɓen 2024? Amsar tana kotu. A 1976, a shari'ar Buckley da Valeo, Kotun Ƙoli ta ce kashe kuɗi a siyasa wani ɓangare ne na 'yancin faɗin albarkacin baki, don haka ana iya ƙayyade abin da za ka ba ɗan takara, amma ba abin da za ka kashe da kanka ba. A watan Janairun 2010, a shari'ar Citizens United, alƙalai 5 suka rinjayi 4, aka buɗe wa kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago wannan hanya. Bayan wata biyu wata kotun ɗaukaka ƙara ta ɗora a kai a shari'ar SpeechNow, daga nan aka haifi Super PAC: kwamitin da zai karɓi ko nawa ne daga ko wane attajiri, muddin dai a takarda ba ya haɗa baki da ɗan takara. OpenSecrets sun ƙiyasta zaɓen tarayya na 2020 ya ci dala biliyan 14.4.

Super PAC aƙalla yana bayyana masu ba shi kuɗi, kuma shafin yana nuna su tsaf. Matsalar ita ce ƙungiyoyin da suka yi rajista a matsayin masu aikin jin daɗin jama'a ƙarƙashin sashe na 501(c)(4) na dokar haraji. Su doka ba ta tilasta musu faɗin masu ba su ba. Sai irin wannan ƙungiya ta karɓa a ɓoye, ta miƙa wa Super PAC, shi kuma ya rubuta sunanta a matsayin mai bayarwa. Kana bin sawu tiryan-tiryan sai ka iske wani suna mai daɗi, irin su 'yan ƙasa masu kishin gobe, daga nan sawu ya ɓace. Jam'iyyun biyu duk suna cin wannan tuwo, kada wani ya ruɗe ka. Ba laifin shafin ba ne, kuma na yaba musu da suke ware sashe guda suna nuna iyakar abin da aka iya ganowa. Amma mai amfani ya sani cewa abin da yake gani wanda doka ta haska ne kawai.

Haka batun lokaci. Rahotanni ba kullum ake miƙa su ba, da yawa sai bayan wata uku. Akwai kwamitocin da ake kafawa dab da zaɓe, da gangan, don ranar bayyana masu ba su kuɗi ta faɗo bayan an gama kaɗa ƙuri'a. Wato ranar da kake buƙatar labarin, ranar ce babu shi.

Sashen masu kamun ƙafa a majalisa shi ma ya cancanci zama. Kuɗin da ake kashewa a wannan harka a matakin tarayya ya haura dala biliyan 4 a shekara, kuma masu magunguna ne suka saba zama a sahun gaba. Za ka iya ɗaukar ƙudiri ɗaya ka ga kamfanonin da suka yi rajistar bibiyarsa. Akwai jerin mutanen da suka bar aikin gwamnati suka koma kamun ƙafa, da waɗanda suka yi akasin haka. Sannan ga ɓangaren ƙasashen waje, wanda ya dogara da dokar FARA ta 1938, inda duk mai yi wa wata gwamnati ko jam'iyyar ƙetare aiki a Washington sai ya yi rajista. Ɗan Najeriya ko Nijar ko Ghana da ya shiga shafin nan, ina ba shi shawara ya nemo ƙasarsa a wannan sashe kafin ya fita.

Abin da ya fi damuna da shafin ba kuskure ba ne, illa abin da yake haifarwa a zuciya idan aka bar mutum da shi shi kaɗai. Na ga ɗalibai da dama sun duba, sun girgiza kai, sun ce ai dama an sayar da ƙasar, sannan suka wuce ba sa hannu ba komai. Fallasa tsagwaronta tana iya kashe gwiwa. Wanda ya ga biliyan 14 sai ya ga kansa ƙwaro. Shi ya sa muka koyi cewa kada a rufe kwamfutar sai an nuna wa mutum ɗaya hannun, wato wuraren da aka riga aka gwada tallafin baitulmali. A nan kuwa OpenSecrets ba shi da abin cewa sosai, domin shi ba ya kamfen ɗin wata doka, kuma ƙarfinsa a matakin tarayya yake. Don zaɓen birni sai ka koma shafin hukumar birnin kanta.

Jihar Maine ta amince da tsarinta a 1996 ta ƙuri'ar jama'a: ɗan takara ya tara gudummawar dala 5-5 daga adadin mutanen mazaɓarsa da aka ƙayyade, sai a ba shi kuɗin yaƙin zaɓe, shi kuma ya haƙura da na manya. Arizona ta bi a 1998. Connecticut ta yi nata a 2005, bayan gwamnanta John Rowland ya sauka a 2004 saboda badaƙalar cin hanci har ya shiga kurkuku. Birnin Seattle ya ɗauki wata hanya daban a 2015: ana ba mazauna takardu 4, kowacce ta dala 25, su miƙa wa ɗan takarar da suka ga dama. Birnin New York kuwa tun 1988 yake da tsarin ninkawa, wanda yanzu ya kai birni yana ɗora dala 8 a kan kowace dala 1 da mazaunin birni ya ba ɗan takara, har zuwa dala 175 na farko ga mai neman kansila, 250 ga mai neman magajin gari. Ita ma jihar New York ta fara nata a zaɓen 2024, abin da ɗaliban da suka gabace mu suka daɗe suna sintirin Albany a kansa.

Wannan lissafi ne na kai wa kawuna da ke tuƙin tasi a Bronx, cikin birnin New York, wanda ya daɗe da samun takardar ɗan ƙasa amma bai taɓa ba ɗan siyasa ko sisi ba. Muna cin tuwo bayan isha'i na nuna masa a waya.

Ya ce, "Kai ɗana, kuɗin fasinja ɗaya me zai yi wa mai neman kujera? Waɗannan mutanen da miliyoyi suke magana."

Na ce, "Kawu, in kun ba mai neman kansila dala 25, birni zai ɗora masa 200. Ta zama 225. In ku goma ne a masallaci, 2,250 ke nan."

Ya tsame hannu daga kwano, ya karɓi wayar da hagu, ya sake lissafawa da kansa, domin kawu ba ya yarda da lissafin wani. Sannan ya ce, "To ashe shi ya sa suke zuwa mana sallar Juma'a yanzu." Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba, amma lalle tsarin an gina shi ne don ɗan takara ya ga ribar zama da irinsu. Wata takardar horar da sababbin 'yan majalisa na jam'iyyar Democrat da ta fito fili a 2013 ta shawarce su da su riƙa ware awa 4 a rana suna kiran masu kuɗi a waya. Awa 4 ɗin nan muke so a karkato.

Ba zan ɓoye raunin abin da muke nema ba. Masu adawa suna cewa don me za a ɗauki harajina a ba ɗan takarar da na tsana, kuma tambaya ce mai nauyi. Akwai masu zamba da ke raba kuɗin mutum ɗaya da sunayen mutane da yawa don a ninka musu, kuma a Disambar 2024 hukumar birnin New York ta hana magajin gari na lokacin, Eric Adams, kuɗin ninkawa. A 2011 Kotun Ƙoli ta soke sashen dokar Arizona da ke ƙara wa mai tallafi kuɗi idan abokin hamayyarsa ya fi shi kashewa. Tsarin tallafin masu neman shugaban ƙasa ma, mai akwatin dala 3 a fom ɗin haraji, ya zama kufai: Barack Obama ya ƙi karɓa a babban zaɓen 2008, John McCain da ya karɓi dala miliyan 84 shi ne na ƙarshe a manyan jam'iyyu. Kuma tallafi ba ya hana Super PAC shigowa. A zaɓen fid da gwani na magajin garin New York a 2025, wani Super PAC mai goyon bayan tsohon gwamnan jihar, Andrew Cuomo, ya tara sama da dala miliyan 20, ciki har da miliyan 8.3 daga attajiri Michael Bloomberg, tsohon magajin garin. Zohran Mamdani, da ƙananan gudummawa da ninkin birni, ya kai iyakar abin da doka ta yarda ya kashe har ya roƙi magoya baya su dakata da turo kuɗi, kuma shi ya ci. Zaɓe ɗaya ba hujja ba ce a kan komai, amma a teburinmu ya rufe bakin masu cewa ba zai taɓa yiwuwa ba.

Ba na iya amfani da shafin nan ban tuna gida ba. Dokar zaɓen Najeriya ta 2022 ta ce mai neman shugaban ƙasa kada ya kashe fiye da naira biliyan 5, gwamna biliyan 1. A shekarar ce APC ta sayar da fom ɗin shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP miliyan 40, kuma kowa ya ji labarin dalolin daliget. Iyaka dai akwai a takarda. Abin da nake wa Amurkawa hassada a kai shi ne littafin da kowa zai buɗe ya ga suna da adadi, duk da ramukansa.

Sai gargaɗi biyu ga 'yan'uwa da ke nan. Na farko, wanda yake kan bizar karatu ko ta aiki doka ta hana shi ba da ko dala 1 ga kowane ɗan takara, na tarayya ne ko na jiha ko na birni. Ɗan ƙasa da mai girin kad, wato takardar zaman dindindin, su kaɗai aka yarje wa. Kada kuma wani ya ba ka kuɗi ya ce ka bayar da sunanka, laifi ne babba. Zama a tebur, bincike da wayar da kai ba su cikin wannan hani, shi ya sa nake iya yin abin da nake yi. Na biyu, shafin yana da wurin neman mai bayarwa da suna. Wato in ka bayar da abin da ya kai a rubuta, maƙwabcinka, mai gidanka a wurin aiki, har surukinka, kowa zai iya gani. Ga attajiri wannan shi ne daidai. Ga ƙaramin ma'aikaci a garin da ra'ayinsa ya saɓa wa na jama'a, abin a yi tunani ne kafin a danna.

Shafin da Turanci kaɗai yake, kuma cike da gajerun sunaye na hukumomi da sassan doka, don haka sabon shiga ya fara da shafinsu na bayanin kalmomi da yadda suke lissafi. Jadawalin ya fi daɗin karatu a kwamfuta fiye da waya. Ita kanta cibiyar da gudummawar gidauniyoyi da ɗaiɗaikun mutane take tafiya, kuma bayan zaɓen 2024 ta sallami kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatanta saboda ƙarancin kuɗi. Don haka duk alƙalamin da za ka ɗora a fosta ko ka kai gaban ɗan majalisa, ka duba ranar da aka sabunta shi a ƙasan shafin, sannan ka gwada shi da na FEC kafin ka buga.